Yadda Ake Ware wa Kyamarori da Wayoyin Ofis VLAN Nasu a Kan Suwic

Kyamarar tsaro dare da rana take turo hoto, kuma masu arhar nan da wuya a samu mai sabunta musu manhaja. Bai kamata su zauna a layi ɗaya da kwamfutar akanta ba. VLAN ke raba su: suwic, wato akwatin da ake jona duk na'urorin ofis a jikinsa, ɗaya ne, amma kamar gidan haya, kowa da sashensa. Zan yi misali da Cisco 2960, don ana samun na hannu da sauƙin kuɗi. Irin suwic ɗin da ake jona wa wuta kawai ya kama aiki ba ya saituwa, kar ka ɓata kuɗinka.

Fara da takarda da biro. Ba kowane sashe lambarsa: ma'aikata VLAN 10, kyamarori VLAN 20, wayoyi VLAN 30. Ni doka ce a wurina lambar ta fito a adireshi, wato VLAN 20 ya ɗauki 192.168.20.0/24. Kar ka zuba komai a VLAN 1, sannan 1002 zuwa 1005 Cisco ta keɓe su.

Bayan ka shiga suwic ka buga umarnin configure terminal, rubuta vlan 20, sai name KYAMARA. Haka sauran. Zaɓi ramukan kyamarori da interface range fa0/1-12, ka ba su switchport mode access da switchport access vlan 20. Na'urar NVR mai adana hotunan kyamarori ma nan za ta zauna, tare da kyamarorinta. Ramin da waya da kwamfuta ke rabawa kuwa, bar shi a 10 ka ƙara switchport voice vlan 30.

To, ga inda sababbin hannu ke faɗuwa: kebul ɗin da ya haɗa suwic da suwic, wato trunk. Shi ne ke ɗaukar dukkan VLAN, kowane saƙo da tambarinsa na 802.1Q mai nuna VLAN ɗinsa. Ka sa switchport mode trunk, sai switchport trunk allowed vlan 10,20,30. Wata rana oga ya sayo na'urar ɗaukar yatsa, aka buɗe mata VLAN 40, sai yaro ya rubuta switchport trunk allowed vlan 40. Shi ke nan. Wannan umarni ba ƙari yake yi ba, share jerin yake ya bar 40 kaɗai. Allon mai gadi ya yi baƙi, wayoyi sun mutu, in ta wannan layin ka shigo kai ma an yanke ka, sai ka tashi neman kebul ɗin console mai ruwan bula, wanda ake shiga suwic da shi kai tsaye. Kalma ɗaya ce ta ɓace: switchport trunk allowed vlan add 40. In daga nesa kake aiki, fara buga reload in 10. In ka kulle kanka, bayan minti 10 suwic zai tashi da tsohon saiti. In komai lafiya, reload cancel.

Duba ɗaya ɓangaren trunk ɗin ma. Dole a ƙirƙiri VLAN ɗin a suwic na biyu, kuma native VLAN, wato wanda saƙonsa ke wucewa ba tambari, ya zo ɗaya a gefe biyu. show interfaces trunk zai nuna maka gaskiya.

Sauran ba wuya. A rauta, na'urar da ke sada VLAN da juna, buɗe g0/0.20, sa encapsulation dot1Q 20 da adireshi, ka kafa ACL, wato jerin dokokin wucewa, da zai bar kwamfutar oga kaɗai ta kai ga NVR. Duba show vlan brief, sannan copy running-config startup-config kafin a ɗauke wuta.