Kurakuran da ke ɓata hoton daji, namun dawa da wuraren tarihi

Ka tsaya gaban abin da ya cika maka ido, dutse ne ko magangarar ruwa ko tsohon gini, ka ɗauka, ka dawo masauki ka buɗe waya, sai ka tarar da wani abu koɗaɗɗe marar armashi. Nan da nan a ɗora wa kyamara laifi, a fara tunanin sayen wata. Yawanci ba ruwanta. Gaggawar mai riƙe da ita ce ta jawo.

Babban kuskure shi ne lokaci. Yawancin hotunan tafiya da tsakar rana ake ɗaukarsu, don kawai lokacin aka iso wurin. Rana tana tsaka, haskenta na dukan komai daga sama, inuwa ta taru ƙarƙashin ido da haɓa, tudu da kwari su zama abu guda. Koma wurin da sanyin safiya, ko a sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana, ka ga ikon Allah: hasken yana zuwa ta gefe, kowane tsagi na dutse ya fito da inuwarsa, launin ƙasa ya yi ɗumi. Idan ba makawa sai da rana tsaka, ka bar faɗin fili ka koma kan ƙananan abubuwa a inuwa, kamar ɓawon itace ko zanen jikin ƙofa. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa kada ka yi fushi, ita ce ranar shiga kurmi, domin ganye ya fi fitowa a haske mai laushi.

Akwai kuma abin da kyamara ke yi da kanta wanda mutane ba su lura ba. Tana auna hasken da ke gabanta ne ta mayar da shi tsaka-tsaki. Shi ya sa dusar ƙanƙara da farin yashi suke fitowa toka-toka. Sai ka ƙara mata haske da hannunka, mataki ɗaya ko ɗaya da rabi. A waya, ka taɓa wurin da kake so a allo, ka ja 'yar alamar rana da za ta bayyana sama. Wajen faɗuwar rana akasin haka za ka yi, ka ja ta ƙasa, domin sararin da ya ƙone ya zama fari fat ba wani gyara da zai dawo da shi.

Ido yana ganin abin da zuciya ke so ne kawai, kyamara kuwa ba ta zaɓe. Na taɓa shafe kusan sa'a guda a tsugune bakin ruwa ina jiran wata balbela ta ɗaga fukafukai. Ta ɗaga, na danna, na tashi ina murna ƙafafuna duk sun yi tsami. Da na duba a babban allo, ga baƙar leda maƙale da ciyawa a kusurwar hagu, ruwan kuma ya karkace kamar zai zube daga hoton. Tun daga ranar nake zagaya kusurwoyi huɗun nan da ido kafin in danna, na kuma kunna layukan da ke raba allo gida tara, in daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa a kan ɗaya daga cikinsu.

Hoton dabba ya fi kowanne wahala, kurakuransa kuma sun fi yawa. Ana ɗaukarta daga tsaye, ana kallonta daga sama, an dasa ta tsakiyar hoto kamar ta katin shaida. Sauka daidai tsayin idonta, ko da sai ka kwanta rubda ciki. Saita kyamara a kan idon, domin idan ido ya fito ras, mai kallo zai yafe sauran. Ka bar fili ta ɓangaren da take fuskanta, ta samu inda za ta nufa. Tsuntsu a sama yana buƙatar saurin ƙiftawar kyamara na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, in ba haka ba fukafukan su zama hayaƙi. Jawo abu kusa da yatsu biyu a allon waya kuwa, idan ya wuce ƙarfin madubinta, wato gilashin idon kyamarar, yanke hoton kawai take yi tana buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi.

Daga nan ne wasu ke faɗawa kuskuren da ya fi muni, su ce bari su matsa da ƙafa. A gandun Yellowstone na Amurka doka ta ce a tsaya aƙalla mita 23 daga ɓaunar can, mita 91 kuma daga beyar da kyarkeci, amma duk da haka ɓaunar ta fi kowace dabba raunata baƙi a gandun, saboda ana ganin ta a natse tana kiwo a ɗauka saniya ce. Ma'auni mai sauƙi: idan dabba ta daina ci ta ɗago tana kallonka, ka riga ka wuce gona da iri. Ja baya. Giwar da ta fito ƙarama a cikin faɗin dajinta hoto ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi wanda fuska ta cika shi.

Neman hoton da zai girgiza mutane yana kai wasu ga ha'inci. Gasar hotunan namun daji da gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace babbar kyautarta ta 2009 daga hoton wani kyarkeci yana tsallake ƙyauren shinge, bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta saba da mutane, ba ta daji ba ce. A 2018 aka sake soke wani hoton daga Brazil, na dabba mai cin gara a jikin suri, da masana suka ce fata ce aka cusa aka kafa. Ko mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 da ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna don su shiga bangonta. Gyaran haske da yanke gefe ba laifi ba ne. Amma sararin da aka ƙara wa shuɗi har ya koma kamar fenti, kowa na ganewa.

A wuraren tarihi, abin da aka fi yi shi ne tsayawa gindin gini a ɗaga kyamara sama, sai bangaye su tsuke ta sama kamar ginin zai faɗi da baya. Koma nesa, ka riƙe ta a miƙe, daga baya ka yanke ƙasan da ya yi yawa. Sannan girma ba ya bayyana sai da abin gwadawa. Al-Khazna da aka sassaƙa a jikin dutse a Petra ta Jodan tsayinta ya kai kusan mita 40, amma in ba mutum ko raƙumi a gindinta, a hoto za ka ɗauka ƙofar ɗaki ce. Don haka ba kullum ne ake jiran kowa ya watse ba.

Fitilar kyamara ba ta wuce 'yan mitoci, ƙeyar mutanen gabanka kawai za ta haska, a jikin gilashin da ke kare kayan tarihi kuma ta bar farin tabo. Kashe ta, ka kusanto da madubin dab da gilashin, ka tokare gwiwar hannu a jikinka. Ka kuma karanta dokar wuri tun daga ƙofa: cikin babban kabarin Taj Mahal na Indiya, alal misali, an hana ɗaukar hoto gaba ɗaya. Kafin ka bar kowane wuri, ɗauki allon da ke ɗauke da sunansa da shekararsa, domin bayan wata shida duk kangaye kama suke yi da juna.