Koyarwar Sa Kai a Ƙauyen Bakin Teku: Kurakuran da Matasanmu Suka Fi Yi da Yadda Za a Gyara

Daga Katsina zuwa teku mafi kusa tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a mota. Saboda haka matashin da ya gama karatun koyarwa a Dutsin-Ma ko Daura ko cikin birni, ya samu damar zuwa koyarwar sa kai a wani ƙauyen masunta a Gambiya, Senegal, Ghana ko Zanzibar, yana tafiya ne wurin da komai nasa daban yake: lokacin aiki, iska, ruwan sha, har yadda ake kiran ƙarfe nawa. Niyya mai kyau ba ta yi ƙaranci ga yaranmu ba. Abin da ke kayar da su shi ne su isa da jadawalinsu a aljihu, su ɗauka ƙauyen zai bi shi.

Tun kafin a bar gida

Kuskuren farko shi ne biyan kuɗi ga wanda ba a tantance ba. Akwai hanyoyi sanannu: shirin Technical Aid Corps da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, wanda ke tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na tsawon shekara 2, da shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda rajistarsa kyauta ce. Idan wata ƙungiya ce ta daban, a nemi takardar gayyata mai ɗauke da sunan ƙauyen da makarantar, da lambar shugaban makarantar, a kira shi a ji muryarsa. A nemi magana da mutum biyu da suka taɓa zuwa ta hannunta. Duk wanda ya ce zai riƙe maka fasfo, ko ya ce kuɗin jirgi bashi ne da za ka biya da aiki, wannan maganar NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane, ba ta makaranta ba. Malama, ke wannan ya fi shafa, kuma kada kunya ta hana ki nuna wa iyayenki ko yayyenki takardun.

Na biyu, ruɗewa da batun biza. Ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza, amma na kwana 90 ne. Wanda zai yi zangon karatu biyu ko uku yana buƙatar takardar izinin zama, kuma ƙungiyar da ta gayyace shi ce ya kamata ta tsaya masa a kai. Tanzaniya kuwa, wadda Zanzibar ke cikinta, bizar ɗan Najeriya sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki ko da ba albashi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Allurar rigakafin cutar shawara sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka ba a yin ta ana jibi tafiya.

Agogon ƙauyen masunta

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma nan ya kamata a fi tsayawa. Malami ya isa, ya rubuta a allo cewa ajin manya ƙarfe 10 na safe ne kullum. Makon farko mata 20, mako na biyu 4. Sai ya yanke hukunci cewa mutanen nan ba sa son ilimi. Alhali teku ce ta kira su.

Teku tana cikowa sau biyu, ta janye sau biyu, a cikin awa 24 da kusan minti 50. Ma'ana kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya janye ƙarfe 6 na safe, nan da mako guda sai wajen ƙarfe 12 na rana. Sannan ƙarfin janyewar yana bin wata: a farkon wata da tsakiyarsa ruwa ya fi cikowa kuma ya fi janyewa, a ranakun 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 kuwa motsinsa kaɗan ne. Bakatsine ya saba lissafin watan Musulunci, wannan kuwa babban jari ne da mafi yawan baƙi ba su da shi. A gabashin Zanzibar, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, mata suna noman ciyawar teku, kuma gonakinsu suna fitowa fili ne da hantsi a ranakun babbar janyewa. A Gambiya mata masu ɗiban kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a bakin kogi su ma janyewar ruwa suke jira. A Tanji da Gunjur, da zarar jiragen masunta sun sauka da yamma, mata da yara duk suna bakin ruwa da robobi a ka, daga nan sai rumfunan banda, hayaƙi har dare. A yawancin garuruwan masunta na Ghana kuwa ba a fita su ranar Talata, wato ranar ce maza ke gida suna ɗinkin koma.

Gyaran ba wuya. Kafin ka sa lokacin aji, ka ba da mako biyu kana kallo da tambaya. Ka ɗauki littafi, ka rubuta lokacin da jirage ke fita da dawowa, ranar kasuwa, lokacin makarantar allo, lokacin girki. Ka samo jadawalin cikowar teku na tashar ruwa mafi kusa, a waya ma ana samu. Daga nan ka zauna da masu karatun su zaɓi lokaci da kansu, kuma a yarda tun farko cewa a ranakun babban aiki aji zai koma bayan magariba ko a ɗage shi. Kwana 3 a mako, awa ɗaya ɗaya, da mutane suke zuwa, ya fi kwana 5 da benci ke zaune shi kaɗai. Yadda ba za ka sa ajin manya a Mai'aduwa ranar kasuwa ko da safiyar damina ba, haka nan.

Wani ƙaramin abu mai ɓata taro a gabashin Afirka: da Swahili ana fara ƙirga awa ne daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe shi ne awa ta ɗaya. Idan ka ce a zo "saa mbili", ƙarfe 8 ka ce, ba ƙarfe 2 ba. Ka riƙa haɗa lokaci da salla: bayan la'asar, kafin azahar.

Damina ma ba irin tamu ba ce ko'ina. Gambiya da Senegal suna kusa da namu lokacin. Bakin tekun Ghana damina biyu gare shi, babbar daga Afrilu zuwa Yuli. A Zanzibar ruwa mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu ne. Ajin gindin bishiya a waɗannan watanni ba zai yiwu ba, sai a nemi rumfa tun da wuri.

Shiga gari ta ƙofarsa

Da ɗan gari akan ci gari. Takardar ƙungiya ba ta maye gurbin gaisuwa. A Gambiya dagacin ƙauye shi ake kira alkalo, a Zanzibar sheha. Fante na Ghana suna da sarkin masunta, apofohene, mata masu sayar da kifi kuma da tasu shugabar, wadda idan ta ce a je aji za a je. Ka nemi wanda zai kai ka wurinsu, da limami, da shugaban makarantar gwamnati, kafin ka tara ko yaro ɗaya. Malaman makarantar garin su ne suka fi saurin jin zafi, domin sun shekara suna fama da aji mai cunkoso, sai ga baƙo ya zo ana tafa masa. Ka shiga a matsayin mataimakinsu, ka nemi manhajar ƙasar, ka bi ta.

Sai kuskuren gyaran sallar mutane. Senegal da Gambiya Malikawa ne kamarmu, ɗariƙu kuma suna da ƙarfi. Bakin tekun gabashin Afirka galibi mazhabar Shafi'i ake bi: za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ka ga ƙunutin asuba bayan ruku'u. Ba kuskure suke yi ba. Matashin da ya tashi bayan sallama ya fara gyara, ko ya kwaso muhawarar Izala da ɗariƙa daga gida, ya rufe wa ajinsa ƙofa da hannunsa. A ƙauyen da mafi yawa Kirista ne kuma, ranar Lahadi tasu ce, kada a sa komai.

Cikin aji

Da yawa suna isa da Turanci kaɗai, su yi ta magana yara suna maimaitawa ba su fahimta ba. Yaro yana saurin iya karatu da harshen da yake ji a gida: Mandinka, Wolof, Fante ko Swahili. Ka koyi gaisuwa, ƙirga zuwa 100, da umarnin aji kamar zauna, duba, rubuta, sake faɗa, tun kafin ka tafi. Samun masu jin Hausa a zangon Ghana daɗi ne, amma idan can kake wuni, harshen ɗalibanka ba zai shiga bakinka ba.

Kada ka kira babba jahili don bai iya boko ba. A Senegal mutane da yawa suna rubuta Wolof da haruffan Larabci, kamar ajaminmu. Wanda ya iya wannan ya riga ya san harafi yana ɗauke da sauti, aikinka ya ragu da rabi. Ka tambaya, ka ba shi alli ya rubuta sunansa yadda ya iya. Kuma babba ba ya zuwa aji don waƙar haruffa. Yana so ya karanta saƙon kuɗi a wayarsa, ya rubuta wa ya ci bashin kifi, ya lissafa man inji da ribar roba goma. Daga nan ake ɗauko darasi. Ajin manya kada ya wuce mutum 20 zuwa 25, kuma a tambayi mata ko sun fi son nasu daban.

Ga yara, kuskuren shi ne raba su da shekaru ko da ajin da suke. Ɗan aji 5 yana iya kasa haɗa baƙi da wasali. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa tana da sauƙi: takarda ɗaya mai haruffa 10, kalmomi 10, gajeren sakin layi mai jimla 4, da ɗan labari. Kowane yaro shi kaɗai, minti 5. A fara da sakin layi. In ya iya a hau zuwa labari, in ya kasa a sauka zuwa kalmomi, sannan haruffa. A raba rukuni bisa inda kowa ya tsaya, a yi awa ɗaya kullum, a sake gwaji bayan kamar mako 6, wanda ya ci gaba a matsar da shi. A ajiye sakamakon a rubuce, domin shi ne shaidar da iyaye za su gani.

Bulala a bar ta a gida. Kada ka keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki, ƙofar aji a buɗe. Hoton yaran mutane ba ya hawa Facebook sai da izinin iyayensu, kuma yaro marar riga a bakin ruwa ba abin ɗauka ba ne ko da izini.

Danshi da gishiri

Mun saba da iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya. Can alli yana jiƙewa a kwalinsa har ya ƙi kama allo, littattafai su yi funfuna, bakin cajin waya ya yi tsatsa cikin 'yan watanni. Ka sayi bokitin roba mai murfi biyu ko uku, alli da takardu su zauna ciki. Kantar littattafai a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya. Katunan haruffa a lulluɓe su da salatif. Kada ka cika jaka da littattafan Najeriya masu lissafin naira. Ka sayi na ƙasar a babban gari. Yashi mai laima allo ne na kyauta ga masu koyon harafi, ɓawon kawa kuma ya isa ƙirga.

Jikinka

Iya iyo a dam ɗin Ajiwa ko Sabke bai sa ka san teku ba. Bakin tekun Ghana, Togo da Benin yana da wata igiya mai ja zuwa ciki, kuma sau da yawa tana wurin da ruwan ya fi kama da kwanciya, inda kumfa ba ya fashewa. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita zuwa tudu. Ka bi gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga cikinta, ka ɗaga hannu. Kada ka shiga inda 'yan gari ba sa shiga, kuma kada ka taɓa kai ɗalibai wanka.

Sauro a wurare da yawa na bakin teku ba ya jiran damina. Gidan sauro mai magani tun daren farko, zazzaɓi kuma a yi gwaji a ranar. Rijiyoyin kusa da gaɓa kan yi zartsi, ga masai kusa. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In gudawa ta zo: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yankan ɓawon kawa ko ƙayar kifi yana saurin ruɓa a danshi, a wanke da sabulu nan take, a rufe.

Kyauta da tafiya

Rabon alewa da kuɗi a aji yana tara yara mako biyu, ya watsa su ranar da aljihu ya ƙare, ya kuma bar wa malamin gari aji mai jiran a biya shi. Abin da za ka bayar ka miƙa shi ga kwamitin makaranta a gaban shaidu. Alkawari kaya ne: kada ka ce za ka gina aji ko ka kai wani karatu Najeriya alhali ba ka da kuɗin a hannu.

Babban kuskuren ƙarshe shi ne aji ya mutu ranar da ka hau mota. Tun makon farko ka nemi mutum biyu 'yan garin, mace da namiji in ya yiwu, waɗanda jama'a suka zaɓa, ba kai ba. Kashi ɗaya cikin uku na zamanka kai ke koyarwa suna kallo, na biyu ku raba darasi, na uku su ke gaba kai kana bayan aji, ku zauna minti 15 bayan an tashi ku duba abin da ya yi da wanda bai yi ba. A tattauna da kwamiti yadda za a riƙa ba su ɗan ihsani, ko da daga adashen mata ne, domin mai iyali ba zai iya aikin kyauta har abada ba. Darussan zango mai zuwa a rubuta su a littafi ɗaya, da sakamakon gwajin kowane yaro, da jerin kayan da ke cikin bokitai. Makulli a ba shugaban kwamiti mako biyu kafin tafiyarka, kai kuma ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimin makarantar tun kana garin.