Me Ya Hana Shukar Rumfarka Yin 'Ya'ya?

Abin yana taɓa ni idan na ga mutum ya shekara uku yana ban ruwa, rumfa ta yi duhu da ganye, amma ko ɗa ɗaya babu. Sai ka ji an ɗora wa hunturu laifi. Sau da yawa ba shi ba ne.

Ɗauki kiwi, wata shuka mai yaɗo da ake cin 'ya'yanta. Mutane na ganin hotonsa a intanet ya lulluɓe katanga, a ce yana jure sanyi, sai su yi odar iri. Gaskiya ne, akwai nau'in da ke fitowa a gabashin Rasha da ke tsallake sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri. To amma juriya daban, buƙata daban. Kiwi sai ya yi barcin sanyi na ɗaruruwan sa'o'i ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure, kuma hunturun Kano ko Zinder ba ya ba shi wannan. Ƙari a kan haka, namiji daban ne, mace daban. Ka dasa ƙwaya ɗaya, inuwa kawai za ka sha. Shawarata, bar shi.

Fashin furut (passion fruit), shi ma mai yaɗo da ake shan 'ya'yansa, shi ne namu, musamman ruwan ɗorawa mai son zafi. Mai launin shunayya ya fi jin daɗin tudu irin Jos da Mambila. Kuskuren a nan shi ne dasa tushe ɗaya tak, alhali ruwan ɗorawan ba ya karɓar garin furensa. Dasa biyu ko uku daga iri dabam-dabam. Furen yakan buɗe ne wajen azahar, kuma manyan baƙaƙen ƙudan zuman nan masu huda katako su ke masa barbara. Kada ka fesa musu magani. In babu su, sa yatsa ka shafo garin daga furen wannan tushe, ka goga a kan na wancan. Furen da ya kama, cikin kwanaki za ka ga ɗan ƙwallo kore a gindinsa.

Wani dalilin kuma shi ne yawan takin yuriya, wanda ke tara ganye ya kori fure. Boganbiliya, shukar ado mai hawa katanga, ita ma haka take: rage mata ruwa da taki, a rana tsaka, sai ta cika katanga da launi.

Shi kuwa hunturu, bushewar iskarsa ce ke ƙona toho. Rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ka kafa zana ta arewa maso gabas, ka jinkirta datse rassa sai iskar ta kwanta.