Yadda Ake Ɗaukar Samfuri da Yadda Ake Tantance Alƙaluman Bincike

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu kafin ya san abin da ke ciki. Ƙarfe yake soka masa a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, ya zuba 'yan ƙwayoyin a tafin hannu ya duba. Abin da ke bakin buhu ba ya ruɗinsa, domin ya san nan ake ɗora mai kyau. Haka samfuri yake a binciken ƙididdiga: ana tambayar mutane kaɗan don a san halin jama'a mai yawa. Inda aka soka ƙarfen ya fi yawan abin da aka ɗebo muhimmanci, kuma nan ne yawancin bincike ke lalacewa.

A shekarar 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta ce Alf Landon zai lashe da kashi 57 cikin 100. Aka yi zaɓe, Franklin Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi aiki da su daga littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci da masu sayen mujallar ta kwaso su, wato masu hannu da shuni, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Ga kuma waɗanda suka ƙi mayar da takardar, uku cikin huɗu. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, da mutane kusan 50,000 ya faɗi wanda zai ci daidai.

Matakin farko shi ne ka rubuta a fili su wa kake nufi. "Matasan Kano" bai isa ba. 'Yan shekara nawa zuwa nawa? Birni kawai ko dukkan ƙananan hukumomi 44? Da almajirai da 'yan cirani ko ban da su? Bayan haka sai ka nemi jerin da za ka zaɓa daga cikinsa: rajistar makaranta, jerin manoman ƙungiya, ko jerin gidajen unguwa. Duk wanda ba ya cikin jerin ba shi da hanyar shiga binciken, komai yawan mutanen da ka tambaya. Idan babu jeri, sai a zaga a rubuta shi kafin a fara. A ƙasar Hausa a kula da kalmar "gida": ƙofa ɗaya kan tara magidanta huɗu ko biyar, don haka masu bincike ke ƙirga waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali guda.

Sai zaɓe, kuma ƙuri'a ce za ta yi shi, ba idon ma'aikaci ba. Hanya mafi sauƙi: a ce jerinka yana da iyalai 2,000 kana son 200. Raba 2,000 da 200, ka sami 10. Rubuta 1 zuwa 10 a 'yan takardu, nannaɗe su, a zaro ɗaya. Idan 7 ta fito, iyalanka su ne na 7, 17, 27, har ƙarshe. A duba dai kada tsarin jerin ya zo daidai da tsallaken, misali ace kowane gida na goma gidan kan kwanar layi ne mai shago. Kada a bar mai unguwa ya nuna gidajen da za a shiga. Izininsa wajibi ne, rakiyarsa tana da amfani, amma zai kai ku wurin masu iya magana da waɗanda ba za su ba shi kunya ba.

Idan ƙasar tana da faɗi, ana yin abin hawa biyu. Binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya raba kowace jiha da Abuja gida biyu, birni da karkara, don kada wani ɓangare ya sulluɓe. Daga nan aka zaɓi ƙananan yankuna 1,400 cikin yankunan ƙidayar 2006, aka sake rubuta gidajen kowanne, aka ɗauki iyalai 30 a ciki, jimla kusan 42,000. Wannan yana rage kuɗin mota da kwanakin aiki ƙwarai. Amma yana da farashi: maƙwabta suna kama da juna. Rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya suke zuwa, limami ɗaya suke bi. Mutum 30 daga ƙauye guda ba su ba da labarin da mutum 30 daga ƙauyuka 30 za su bayar ba. Idan wannan kamanni ya rage ƙarfin samfuri da rabi, samfurin 1,200 ƙarfinsa na 600 ne kawai. Gara ƙauyuka da yawa da mutane kaɗan-kaɗan a kan ƙauyuka kaɗan da aka kwashe kowa.

A cikin gida ma akwai ƙuri'a. Ba wanda ya amsa sallama za a tambaya ba, ba kuma lallai maigida ba. A rubuta duk baligan iyalin, a zaɓi ɗaya. Idan ya fita, a dawo, aƙalla sau uku, a lokuta daban-daban. Maye gurbinsa da maƙwabci saboda ana sauri shi ne yake cika samfuri da tsofaffi da marasa aikin yi. Da damina manoma suna gona tun hantsi, da rani samari sun tafi cirani, ranar kasuwa gari fayau yake. Inda ake kulle kuwa, tawagar da ba mata a cikinta ta bar rabin jama'a a bayan zaure.

Mutum nawa za a tambaya? Akwai lissafin gaggawa: raba 1 da tushen murabba'in yawan samfurin (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan, kamar 10 ga 100), sai ka sami tazarar kuskure, wato yadda sakamako zai iya kauce wa gaskiya sama ko ƙasa, a matakin tabbacin kashi 95. Mutum 100 suna ba da maki 10 sama ko ƙasa, 400 suna ba da 5, 1,000 kusan 3, 2,500 kuma 2. Don ka rage tazarar da rabi sai ka ninka samfurin sau huɗu. Abin da mutane ke wuyar yarda da shi shi ne yawan al'ummar ba ya canza lissafin sosai: mutum 1,000 da aka zaɓa da kyau sun ishi Zinder, sun kuma ishi Nijar gaba ɗaya. Shi ya sa Afrobarometer, mai binciken jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ke tambayar mutum 1,200 a ƙasashe da dama, 1,600 a Najeriya.

Yanzu ga mai karanta sakamako. Idan aka ce ɗan takara yana da kashi 46, abokin hamayyarsa 43, tazarar kuskure kuma 3, ba wanda aka nuna yana gaba. Haka nan a yi hattara da gutsura samfuri. Mutum 1,600 a faɗin Najeriya, in an raba su jihohi 36 da Abuja, kowace ba ta wuce mutum 43 a matsakaici ba, tazarar kuwa ta kai maki 15. Duk jaridar da ta ɗauko irin wannan binciken ta buga kanun "abin da Katsinawa ke so" ta ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ita tazarar kuskure ma sa'ar ƙuri'a kaɗai take aunawa. Ba ta san da jerin da ya bar mutane a waje ba, ba ta san da waɗanda suka ƙi amsawa ba. Saboda haka ƙuri'ar Facebook ko ta shirin rediyo da ake bugo waya ba ta da tazarar kuskure ko kaɗan, ko da mutum 80,000 ne suka shiga, tunda su suka kawo kansu: masu data, masu kati, masu jin haushi. Binciken waya ya fi ta, amma shi ma yana tsallake ƙauyen da ba sabis da matar da wayar mijinta take ara. Nemi rahoton ya faɗi mutum nawa aka nema, nawa suka amsa, da wuraren da ba a je ba. Binciken 2018 ya bayyana cewa an bar wasu ƙananan hukumomin Borno saboda rashin tsaro, kuma wannan alamar aikin kirki ce. Rahoton da ya yi shiru kan irin wannan shi ne abin zargi. A duba kuma ko an daidaita nauyi: idan an ɗauki mutum ɗari-ɗari a Kano da Bayelsa, dole amsar Bakano ta yi nauyi fiye a alƙaluman ƙasa.

Karanta tambayar kanta, da harshen da aka yi ta. "Kana goyon bayan cire tallafin mai don a gina asibitoci?" da "Kana goyon bayan ƙarin kuɗin mai?" ba za su ba da amsa ɗaya ba. Idan ma'aikaci ne yake fassara tambaya daga Turanci a bakin ƙofa, kowane gida tambayarsa daban. Kuma da zarar an ga baƙi da farar mota da kwamfutar hannu, aka yi zaton rabon tallafi ne, awaki da buhunan gero sukan ɓace daga amsoshi. Matar da ake tambaya kan tazarar haihuwa surukarta na zaune a gefe, abin da surukar ke son ji za ta faɗa.

Kafin ka kwatanta alƙaluman shekaru biyu, tabbatar ma'auni ɗaya aka yi aiki da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi a Najeriya kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sannan ta ce 4.1 ne a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka yi ambaliya ba. A da, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba marar aiki ne. A sabon tsari, awa ɗaya a mako don samun kuɗi ta isa a ƙirga mutum cikin masu aiki. Kowane adadi daidai yake a ma'auninsa, amma ba a jera su a layi ɗaya a ce an sami sauƙi.