Yadda ake hango hadari a waya tun bai iso Tahoua ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da damina ta kama abokai ke tsokanata wai na koma boka, don ina ce musu ku kwashe shanya ruwa na tahe, kuma ya zo. Walle ba bokanci ba ne, hoton tauraron ɗan Adam ne nike kallo a portabul, kowa na iya yi in dai akwai reso da ɗan forfe.

Da farko ka sauke aplikasiyon irin su Windy ko Zoom Earth, ka shiga wurin da aka rubuta satelit, ka nemo Tahoua bisa taswira. Hotunan yankinmu na Meteosat ne, tauraron Turawa da ke tsaye sama kusan kilomita 36,000, yana ɗaukar Afirka duk minti 15, sabon tauraron ma minti 10.

To sai ka duba gabas, kada ka ɓata lokaci da yamma. Manyan hadarukanmu daga gabas suke tasowa su yi yamma, wasu bisa duwatsun Ayar suke haɗuwa da la'asar, wasu ta wajen Tanout da Dakoro suke biyowa, wanda ka gani a Dogondutsi ya rigaya ya wuce ka, rabon mutanen Yamai ne.

Nan ne mutane ke kuskure: hoto guda ba ya gaya maka komi. Danna ɗan maɓallin da ke tafiyar da hotunan, ka kalli awa biyu ko ukku da suka wuce, shin gajimaren na kumbura ne ko yana wargajewa, kuma ina ya dosa. In ka zaɓi infraruj, wanda ke auna zafi da sanyi har cikin dare, inda ya yi fari fat ko ja shi ne kan gajimare mai sanyi ƙwarai, wato ya yi tsawo, irinsa ke zuwa da iska da tsawa. Mai fari-fari sirara kamar auduga da aka shaɓe kuwa, wannan ba ruwa cikinsa.

Sannan lissahi. Irin wannan hadari yakan yi kilomita 50 zuwa 60 a awa, Dakoro zuwa nan a miƙe bai kai 200 ba, ke nan kana da wajen awa ukku. Amma duba agogon hoton, in an sa UTC, wato agogon duniya, ƙara awa guda ka samu lokacin Nijar. Ni wannan ya taɓa cina, na ce ma inna ta bar garin geronta bisa tabarma akwai sauran lokaci, sai ga jar ƙura ta turnuƙe unguwa, da rariya muka kwana.

Meteosat saman gajimare kawai yake gani fa, bai san ko ruwan ya taɓa ƙasa ba. Shi ya sa Indiya da Faransa suka harba tauraron Megha-Tropiques a 2011, don auna tururin ruwa da ruwan sama a ƙasashe masu zafi irin namu, ya yi aiki wajen shekara goma, aka sauko da shi a 2023. Don haka zancen shuka kada ka dogara ga waya, saurari sanarwar meteyo a rediyo da hasashen da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, ke fitarwa kahin damina, in ruwa ya sauka kuma ka tona gona da hannu ka ga inda laima ta kai.