Yadda Za Ka Gane Cinikin Kuɗin Wasa da Aka Yarda da Shi da Wanda Zai Sa a Rufe Maka Asusu

Wata rana bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, salula a hannu, ido ya yi ja. Ya ce, "Kawu, duba mini wannan saƙon, ni dai ban ga laifin da na yi ba." Saƙon layi uku ne da Faransanci, yana cewa an rufe asusunsa na wani wasan intanet saboda ya saɓa dokar cinikin kuɗin cikin wasa. Shekara biyu ya yi yana gina wannan asusu. Abin da ya faru shi ne ya aika wa wani mutum da ya gamu da shi a zauren WhatsApp jaka huɗu, aka zuba masa lu'ulu'u mai yawa, wato kuɗin cikin wasan, bayan kwana tara kuma aka rufe shi. Hujjarsa ita ce abokansa na fada kullum suna aika wa juna kyauta a cikin wasan ba a taɓa kowa ba, to mene ne ya bambanta nasa da nasu? Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ke rikita yawancin matasanmu.

Kafin komai, dole mai wasa ya san cewa kuɗin cikin wasa ba mallakarsa ba ne, ko da ya biya da guminsa. Mu a Maraɗi mun saba da ƴan canji: ka miƙa naira a ba ka sefa, ka kai ta inda ka ga dama, babu mai tambayarka. Da wannan tunanin yara ke shiga wasa, sai su ɗauka lu'ulu'u ko tsabar zinariyar da ke asusunsu wata irin naira ce. Amma sharuɗɗan da kusan duk manyan kamfanonin wasa ke sa mutum ya amince da su ranar buɗe asusu suna cewa abin da aka ba ka izinin amfani ne kawai, a cikin wasan, bisa ƙa'idar kamfanin wasan. Ya fi kama da shagon haya a babbar kasuwa, wanda kake zaune cikinsa kana kasuwanci amma ba ka da ikon sayar da shi.

Mataki na farko shi ne ka tantance irin kuɗin da ke hannunka, domin yawancin wasanni suna da iri biyu ko fiye. Akwai wanda ake samu ta hanyar buga wasan, akwai kuma wanda ake saye da kuɗi na gaske, kamar lu'ulu'un Free Fire na kamfanin Garena ko UC na PUBG Mobile. A wasan ƙwallon kamfanin EA, wanda ake kira FIFA kafin a mayar da sunansa EA Sports FC a 2023, tsabar da kake samu wajen buga wasa ita kake sayen ƴan ƙwallon cikin wasan da ita daga hannun wasu mutane a kasuwar cikin wasan, alhali makin da ake saye da kuɗi ba ya tashi daga wani asusu zuwa wani. Dokar ɗaya ba ita ce dokar ɗayan ba, saboda haka duk wanda ya ce maka "an yarda a yi ciniki a wasan nan" sai ka tambaye shi: cinikin wane kuɗi?

Daga nan sai ka raba abubuwa uku da muke haɗawa mu kira su duka ciniki. Na farko saye daga kamfanin ko daga wakilin da ya amince da shi, wannan babu matsala. Na biyu musaya ko kyauta tsakanin ƴan wasa ta ƙofar da wasan ya gina da kansa, wato irin kyautar da abokan ɗan yayata ke yi. Na uku kuwa shi ne inda kuɗi na gaske ya fita daga aljihunka zuwa aljihun wani ɗan wasa ko wani dillalin da kamfanin bai sani ba, a madadin kuɗin wasa, kaya ko asusu. Wannan na ukun ne kusan kowane wasa ya hana. Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne a bi ta ƙofar da aka halatta domin cim ma abin da aka hana. A wasan ƙwallon da na ambata, mai sayar da tsaba yakan ce ka saka wani ɗan ƙwallo maras daraja a kasuwa da farashi mai tsada, shi kuma ya saye shi, ta haka tsabar ta shigo maka bayan ka biya shi a waje. A ido ciniki ne na kasuwar wasan, amma EA na ɗaukarsa saɓa doka, kuma tun 2015 ya sa wa kowane ɗan ƙwallo iyakar farashi sama da ƙasa don toshe wannan hanya. Haka nan kyautar da aka biya kuɗinta a waje ba kyauta ba ce, ko da maɓallin kyauta aka danna.

Wani abin da ke ƙara ruɗani shi ne dokokin sun bambanta daga wasa zuwa wasa, kuma suna canzawa. A 2015 kamfanin Blizzard ya fito da wani kati a wasan World of Warcraft wanda mutum zai saya daga kamfanin da kuɗi na gaske, ya sayar da shi ga wani ɗan wasa a karɓi zinariyar wasan. Duk da haka sayen zinariya daga hannun wani a waje haramun ne a wasan har yau. A 2019 kuma kamfanin Valve ya dakatar da cinikin sababbin mabuɗan akwatunan kaya na cikin wasan Counter-Strike, abin da a da aka yarda da shi, bayan ya gano ƴan damfara na amfani da su wajen juya kuɗin sata. Don haka abin da wani ya gaya maka bara a fada, ko abin da ka gani a wani wasan daban, ba hujja ba ce.

Hujja ita ce rubutacciyar dokar wasan naka. Ka shiga saitin wasan, ka nemi sashen taimako ko sharuɗɗan amfani, wanda a wayoyin da aka saita da Faransanci yake fitowa da sunan Conditions d'utilisation. Ba sai ka karanta duka ba. Ka nemi sassan da suka yi magana a kan kuɗi da kayan cikin wasa, miƙa asusu ga wani, da saye daga wanda ba a ba izini ba. In yaren ya yi maka nauyi, ka kai wa wanda ya iya ya fassara maka jimlar sannu a hankali, ka kuma duba kwanan watan da aka sabunta shafin. Inda dokar ba ta fito fili ba, ka rubuta wa sashen taimako tambaya guda a taƙaice, ka faɗi ainihin abin da kake son yi, ka ajiye hoton amsarsu. Matambayi ba ya ɓata, kuma wannan amsar za ta yi maka rana in rigima ta taso.

Na san dalilin da ke kai yaranmu wajen dillalai, kuma ba na ganin laifinsu a kan haka. Ƙalilan ne ke da katin banki da Google Play zai karɓa, sai ya zama dole a nemi wanda zai karɓi sefa a hannu ya biya a madadinka. Dillalin kirki yana nan, amma akwai alamun da za ka gane shi. A wasannin da ake zuba kuɗi ta lambar shaidar ɗan wasa, kamar Free Fire da PUBG Mobile, wanda ke bi ta shafi mai izini irin Midasbuy na PUBG lambar kawai yake buƙata. Wanda ya ce ka ba shi kalmar sirrinka ta Facebook ko ta Google domin ya shiga ya zuba maka, ka tsaya nan, domin miƙa asusu ga wani shi kansa saɓa doka ne a yawancin wasanni, ban da haɗarin ya canza kalmar ya tafi da shi. Ka tambaye shi ta wane shafi yake saye, ka nemi ya turo maka shaidar biya. Sannan ka kwatanta farashinsa da na cikin wasan. Dillali na gaskiya ɗora riba yake yi, don haka nasa kan ɗan ɗara ko ya yi kusa. In ka ga rabin farashi, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa: sau da yawa da katin bankin da aka sace ake sayen irin wannan, in mai katin ya kai ƙara aka mayar masa da kuɗinsa, kamfanin ya janye lu'ulu'un daga asusunka, wani lokaci har ya bar ka da bashi ko ya rufe ka baki ɗaya. Ni abin da ya fi damuna a nan shi ne yaro ya ci haƙƙin wani bawan Allah bai sani ba. Ka kuma kula da katunan kyauta na Google Play da ake turowa daga wasu ƙasashe, domin kowane kati a ƙasar da aka yi shi dominta kawai yake aiki.

Haramcin sayen asusu da ya yi nisa a wasa, wanda ake tallarsa sosai a zaurukan WhatsApp, ba shi da wani kokwanto. Kamfanoni irin Supercell mai Clash of Clans sun hana shi ƙarara, kuma wanda ya sayar maka na iya komawa ya karɓe abinsa da shaidar cewa shi ya buɗe shi.

In kuwa an riga an rufe ka, ka ɗaukaka ƙara ta sashen taimako na wasan kaɗai. Ka rubuta lambar shaidarka, ranar da abin ya faru, da shaidar duk sayayyar da ka yi ta halastacciyar hanya, ka faɗi gaskiya ba tare da zagi ba, kuma kada ka yi ta aika saƙo iri ɗaya. Masu cewa ka biya su za su buɗe maka asusun ba su da wannan ikon, kuɗi na biyu kawai za su ci. Tare muka rubuta ƙarar ɗan yayata a daren nan, ya amsa cewa ya saya daga wanda bai sani ba. Bayan mako guda aka ba shi amsa cewa hukuncin yana nan. Ya buɗe sabon asusu da adireshin imel ɗinsa na kansa, ya kunna tabbatarwa ta lambar waya, kuma kafin ya sake biyan ko dala ɗaya sai da ya kawo mini shafin sharuɗɗan muka karanta sashen kuɗi tare.