Yadda za ka samo talo-talo na halal don bikin godiya a Amurka

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, sai ka ga 'yan uwanmu ɗalibai da sababbin zuwa Amurka sun ɗaura niyyar su ma za su haɗa walimar Thanksgiving, wato bikin godiya, su gayyaci abokan karatu da maƙwabta. Bikin yana faɗawa ne ranar Alhamis ta huɗu a watan, kamar yadda majalisar dokokin ƙasar ta tsayar tun 1941, kuma makarantu da ofisoshi duk a rufe suke, ko kana so ko ba ka so hutun zai same ka. Babban abincin ranar shi ne gasasshen talo-talo, guda sukutum a tsakiyar tebur. Waɗanda na ga sun ji kunya a gaban baƙi, yawancinsu tun wajen saye suka ɓata lissafi, kafin ma a kunna oben.

Fara da yanke shawarar irin wanda za ka saya. Manyan kantuna suna cika firizarsu da daskararren talo-talo tun farkon wata, da araha ƙwarai, domin da shi suke jawo mutane su shigo su sayi sauran kaya. Wasu ma kyauta suke bayarwa idan sayayyarka ta kai wani adadi. Amma galibinsa yankan inji ne a masana'anta. Akwai masu cin sa bisa hujjar yankan ma'abota littafi, akwai waɗanda ba sa kusantar sa, wannan kuwa tsakaninka da malaminka ne. Ni dai ƙa'idata guda ce: idan za ka tara mutane, sayi na halal, kada wani ya zauna yana tsakurar shinkafa yana kauce wa nama don kunyar tambaya. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma sau ɗaya ne a shekara, kuma idan ku huɗu ko biyar ne sai ku yi karo-karo.

Wurin nema na farko shi ne mahaucin da kake sayen rago da kaji a wurinsa. Shagunan Larabawa, 'yan Pakistan, Somaliyawa da 'yan Afirka ta Yamma da yawa suna karɓar oda ta talo-talo a wannan lokaci, sai dai da ƙidaya suke kawo shi, gwargwadon sunayen da suka rubuta. Je ka tun makon farko na Nuwamba, ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da ranar karɓa. Kada ka yarda da “zo kawai ranar Laraba, akwai”. Tambaye shi kuma ko yankan hannu ne, ko sabo ne ko daskararre, don amsar nan ita za ta tsara maka mako guda. Wanda yake Dearborn a jihar Michigan, ko Minneapolis, ko Bronx da Harlem a New York, ba zai sha wahala ba. A New York ma akwai wuraren da ake sayar da kaji da talo-talo da ransu, ka zaɓa a yanka a fige a gabanka. Wanda karatu ya jefa ƙaramin gari, ya tambaya a masallaci bayan sallar Juma'a, da wuya a rasa wanda ya san manomin da zai bari ka je gonarsa ka yanka da kanka. In duk ba a dace ba, akwai kamfanonin da ke aiko da na halal ta intanet cikin kwalin ƙanƙara, amma kuɗin aike yana da tsada.

Batun girma, a nan idon mutanenmu ke rufewa. Ana lissafin fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, ga kowane mutum. Tunda mu ba za mu rasa dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa a gefe ba, mai fam 12 zuwa 14 ya ishi mutum goma har a yi guzuri. Mai fam 20 ba na ɗakin ɗalibi ba ne. Kafin ka biya, buɗe firijinka da obenka ka auna da ido. Karanta jikin ledar kuma: da yawa an riga an ɗura musu ruwan gishiri, haka na yankan Yahudawa da ake kira kosha, da gishirinsa yake zuwa. Irin wannan idan ka ƙara masa gishiri da dunƙule yadda ka saba, ba zai ciwu ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Daskararren talo-talo ba ya narkewa a dare ɗaya kamar kaza. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce a ba shi awa 24 a cikin firiji ga kowane fam 4 zuwa 5. Ke nan mai fam 14 yana son kwana uku cur, mai fam 18 kwana huɗu ko fiye. Idan Alhamis za ka gasa, ranar Lahadi da safe ya kamata ya bar firiza ya koma firiji. Ni na fi son daren Asabar, domin firijin gidan haya da mutum uku ke buɗewa suna cusa kaya ba ya bin lissafin littafi, kuma wanda ya narke da wuri zai iya jira kwana ɗaya ko biyu ba abin da zai same shi. Bar shi cikin ledarsa, ka ɗora a kan faranti mai zurfi a can ƙasan firiji, don ruwan jininsa kada ya ɗiga a kan sauran abinci.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne taɓa ƙirji. Za ka danna ka ji laushi ka ce ya narke, alhali cikinsa dutse ne. Daren Laraba ka yage ledar, ka zura hannu har can ciki, ka motsa cinyoyin. Idan ka ji ƙanƙara ko cinya ta ƙi lanƙwasuwa, da saura. Wanda ya sa shi a oben a haka, fata za ta yi ja ta yi kyau, ƙirji ya bushe, a zo yanka a tarar da jini a gindin cinya, baƙi kuwa sun riga sun wanke hannu.

Idan lokaci ya ƙure, mafita ruwan sanyi ce. Sa shi a leda marar huji, ka nutsar a babbar roba ko kula, kana canza ruwan duk bayan minti 30. Kowane fam yana cin minti 30, mai fam 14 awa bakwai ke nan kana tsaye a kansa, kuma da ya narke sai gashi, ba a mayar da shi ajiya. Kada ka zuba ruwan zafi, kada ka bar shi a kan teburin kicin ya kwana kusa da hita. Bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa tun cikin bai saki ba. Kada kuma ka sa rai za ka ruga kanti da safiyar Alhamis ka sayo wani, manyan kantunan Walmart da Target da Costco duk a kulle suke ranar. Wanda ya yi odar sabo ya huta da duk wannan, amma shi kada ya karɓo sai Talata ko Laraba.

Kafin gashi, duba ramuka biyu. Wuya yana cikin babban ramin, hanta da ƙundu kuma sau da yawa suna ƙunshe a 'yar jaka ta wajen fatar wuya, inda mutane ke mantawa su gasa da ita. Tsane jikinsa da takarda, ka kwaɓa man shanu da citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari, ka cusa ƙarƙashin fata. Yajin tsire ajiye shi sai a tebur, ƙuli-ƙulin cikinsa ƙonewa yake a dogon gashi. Kada ka cika cikin da shinkafa ko burodi, albasa da lemun tsami sun isa. Oben a kan digiri 325 a ma'aunin zafi na Amurka, wato Fahrenheit, mai fam 12 zuwa 14 zai ɗauki awa uku zuwa uku da minti 45. Idan ƙirji ya fara duhu, rufe shi da takardar foyil. Sayi ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada, ka soka a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, da kuma ƙirji, sai ya nuna digiri 165 a ma'aunin Fahrenheit za ka fitar. Bar shi ya huta minti 20 kafin ka sa wuƙa. Abin da ya rage a sa a firiji kafin awa biyu, ƙasusuwan kuma a yi farfesu da su ranar Juma'a.